Ban da Amina ta Zazzau, akwai Sarauniya Mangu ta Lugu

Malam, ka tambaya ko akwai wata mace a ƙasar Hausa da ake tunawa da ita saboda jarumta a fagen fama, ban da Amina ta Zazzau. Akwai, kuma raina yana ɓaci in na ga yadda yaranmu ba su san ta ba.

Sarauniya Mangu ce, shugabar Azna, masu bin addinin gargajiya, a garin Lugu, kusa da Dogondutsi a Nijar ta yau. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin hafsoshi biyu, Bule (Voulet) da Shanuwan (Chanoine), ta ratso ƙasar, ta nufi Tafkin Chadi, tana ƙona garuruwa tana kashe mutane ba ji ba gani. Da yawa suka gudu, wasu suka miƙa wuya. Ita kuwa ta ce sam. A watan Afrilu mutanenta suka tari sojojin da kwari da baka, ga bindigogi a ɗaya ɓangaren. Da wuta ta yi wuta sai suka janye cikin kurmi mai sarƙaƙiya, inda kibau suka riƙa fitowa daga duhuwa. An ƙone Lugu, amma Sarauniya ba ta shiga hannu ba. Wannan ne ya fi taɓa ni: ba a kai ta gaban kowa a ɗaure ba.

Bayan 'yan watanni, a Yuli, sojojin da Bule da Shanuwan ke jagoranta suka juya musu baya suka kashe su a yankin Tasawa. Sarautar Sarauniya kuwa tana nan a Lugu har yau.