Fitilar da ta dace da ƙaramin tankin murjani

Ka ce, "Maigida, mai tankin nan na lita 60 yana son murjani mai rai a ruwan gishiri, amma kuɗinsa ba su kai na babbar fitila ba. Wacce zan saya masa?" To saurara, yarona. Kafin ka je ga fitila, fara tambayarsa irin murjanin da zai saka, domin murjanin ne yake yanke hukunci, ba aljihu kaɗai ba.

Murjani dabba ne, amma a cikin tsokarsa akwai wata gansakuka ƙarama ƙwarai da ido ba ya gani. Ita ce take amfani da haske ta haɗa abinci, shi kuma ya ci daga gare ta. Hasken da ta fi amfana da shi shuɗi ne, don a teku ruwa yana shanye jan haske tun daga sama, shuɗin ne yake kaiwa ƙasa. Shi ya sa fitilar tankin tsirran ruwan daɗi, mai rubutun 6,500K (K ma'aunin launin haske ne, yawan lambar yawan shuɗin), ba ta dace ba ko da kyauta aka ba ka. Za ta cika maka gilashi da koren gansakuka, murjanin kuma ya dushe. Nemi LED da aka yi don ruwan teku, wadda shuɗayen ƙwayoyinta suka rinjayi farare, mai lamba tsakanin 14,000K da 20,000K.

Ƙarfin hasken da yake isa jikin murjani ana auna shi da abin da ake kira PAR. Murjani mai laushi, irin su zoa da mai kama da laimar kwaɗi, 50 zuwa 150 ya ishe shi. Mai ƙashi da kauraran tsoka yana zama lafiya a wajen 75 zuwa 150. Mai siraran rassa irin Acropora kuwa sai 200 zuwa 350, ga shi ba ya yafe kuskure. Mai ƙaramin kuɗi ka ba shi shawarar mai laushi. A tanki mai zurfin santimita 30, fitila mai wat 20 zuwa 30 za ta riƙe shi sarai. Fitilu masu tsada irin su AI Prime da Kessil kaya ne masu kyau, amma kuɗin da ake ƙarawa yawanci na sarrafawa da wayar hannu ne da ingancin jiki. Masu sauƙin kuɗi irin na Nicrew ma suna raya murjani mai laushi.

Abu ɗaya ne ba zan yarda ka sassauta a kai ba: dole fitilar ta kasance ana iya rage mata ƙarfi, kuma ya fi kyau shuɗi da fari kowanne da maɓallinsa. Yawan haske ya fi ƙarancinsa saurin kashe murjani. Idan haske ya yi masa yawa farat ɗaya, sai ya fitar da gansakukar nan daga jikinsa, ya koma fari fat, daga nan yunwa ta ƙarasa shi. Wannan shi ne hatsarin baƙaƙen fitilun nan masu kama da akwati masu arha da aka rubuta wa wat 165. Mutum ya ga arha ya ɗora a kan lita 60, ya buɗe ta gaba ɗaya, cikin 'yan kwanaki ya yi asara.

Rataye ta santimita 20 zuwa 25 daga saman ruwa, don haske ya bazu maimakon ya taru a tsakiya. Fara da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na ƙarfinta, kana ƙara kashi 5 duk mako. Sabon murjani ka fara ajiye shi a kan yashi, bayan mako biyu ka matsar da shi sama kaɗan. Awa 8 zuwa 9 a rana sun isa, kuma ka sa agogon da yake kunnawa ya kashe da kansa, domin murjani yana son lokaci guda kullum. Na'urar auna PAR tana da tsada, in ka samu aro ka auna sau ɗaya. In babu, murjanin zai gaya maka. Wanda ya miƙa wuya sama, launinsa ya koma ruwan ƙasa, haske yake nema. Wanda ya tsuke ya ƙi buɗewa, launinsa na kwashewa, rage masa nan take.

Sai maganar zafi da wuta, waɗanda mu a nan ba za mu tsallake su ba. Ruwan yana son digiri 25 zuwa 26, in ya daɗe sama da 29 murjani ya shiga wahala. A watannin bazara ka saita fitilar ta yi aikinta da yamma zuwa dare, ka sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwa, kana cike abin da ya ƙafe da tataccen ruwa marar gishiri. Fitila mai wat 30 a awa 9 tana cin wat-awa 270 a rana, ƙaramar inbata za ta ɗauka. Amma in an ɗauke wuta kuma batir ya yi ƙasa, kashe fitilar ka bar famfon da yake motsa ruwa. Murjani zai jure kwana biyu ko uku a duhu, ruwa kuwa in ya tsaya, iskar cikinsa tana ƙarewa cikin awoyi.

Duk mako ka cire filogi, ka goge fuskar fitilar da tsumma mai ɗan danshin ruwan daɗi. Gishirin da yake fantsama yana bushewa a kai ya tare haske, in ya shiga ciki kuma ya cinye wayoyin. Adaftar ma ka ɗaure ta a bango sama da bakin tanki, kada ka bar ta a ƙasa inda ruwa zai bi waya ya same ta.