Tambayoyin Masu Karatu: Birkin Tsohuwar Jif da Fitilar ABS

Tambaya: Assalamu alaikum. Land Cruiser 80 ce gare ni, ƙirar 1996, ina jigila da ita tsakanin Agadas da Zinder. In na taka birki da ɗan ƙarfi sai ta fizge ni dama. An canja fad, wato takalman birki masu matse faifai, sau biyu, an yi alaimin, ba ta daina ba. Ga fitilar ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, a kunne kullum. Bakanike ya ce sai na sayi famfon ABS gaba ɗaya. In saya? Daga wani direba a Agadas.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Cuta biyu ce a jikin motarka, kuma da wuya a ce ɗaya ce ta haifi ɗaya. A wannan ƙirar, muddin fitilar ABS na kunne, kwamfutar ta janye hannunta ke nan, birki ya koma aiki kamar na motar da ba ta taɓa sanin ABS ba. Fizgar da kake ji a ƙafafun motar take, can za a nemo ta.

Abin da ke ɓatar da mutane shi ne gefen da ake tuhuma. Mota tana bin ƙafar da ta fi kamu. In ta yi dama, ko dai dama ta cika kamu, ko kuma hagu ce ba ta aiki, kuma na biyun ya fi yawa. Sau tari ana ta kwance ƙafar dama alhali mai laifin tana hagu.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Auna iskar tayoyi huɗu da safe kafin a motsa, ka tabbata na gaba girmansu ɗaya, cinsu ma kusan ɗaya. Sai ka sami shimfiɗaɗɗiyar kwalta da babu jama'a, ka kai gudun kilomita 40, ka sassauta riƙon sitiyari ka taka. In sitiyarin ne ya murɗe a hannunka, matsalar birkin gaba ce. In sitiyari bai motsa ba amma jikin motar ya karkace, duba birkin baya da bushin ɗin dogayen ƙarafan nan biyu da ke riƙe da aksul ɗin gaba. Idan robar ɗaya ta mutu, aksul yakan ɗan goce baya a gefe guda duk sanda aka taka birki, kuma alaimin ba ya ganin wannan domin motar a tsaye take lokacin da ake auna ta.

Daga nan yi tafiyar kilomita 5 ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya ka kusantar da bayan hannunka ga kowane gargare, kada ka taɓa faifan. Ƙafar da ta fi sauran zafi nesa ba kusa ba tana riƙe birki. Ɗaga ta da jak, ka sa mata wani abin tokare mai ƙarfi, a taka birki sau biyar a saki, ka juya tayar da hannu. In ta ƙi juyawa, kwance ɗan notin fitar da iska na jikin kalifa, wato gidan da ke matsa fad kan faifai, kaɗan. Mai ya yi tsartuwa kuma taya ta saki nan take? Tiyon roba ne ya ruɓe ta ciki, yana barin mai ya shiga, yana hana shi komawa. Daga waje lafiya lau za ka gan shi, shi ya sa ake tsallake shi. Motar da ta kusa shekara 30 da tiyonta na asali, a canja su duka, har da waɗanda ke saukowa daga shasi zuwa aksul. In kuwa ka kwance notin taya ba ta saki ba, fistin ne ya cije.

Kalifar gaba ta wannan mota fistin huɗu gare ta, biyu ciki biyu waje. Cire fad, ka saka ɗan katako a gurbinsa don kada fistin ya faɗo, wani ya taka a hankali kana kallo. Duk huɗun ya kamata su fito kusan tare. Wanda ya noƙe, ko wanda ya ƙi komawa da aka danna shi, tsatsa ta kama shi ta inda robar ƙura ta yage. Tsohon fad ma shaida ne: in na ciki ya cinye na waje yana nan da kauri, ko fad ɗaya ya ci a karkace kamar bakin gatari, ba sai an faɗa maka ba. Gyaran shi ne a fitar da fistin, a wanke ramin, a sa sababbin robobi. Fistin da tsatsa ta yi wa ramuka a jefar, gogewa da sanfefa ba ta mayar da shi. Kuma a yi ƙafafun biyu rana ɗaya.

Saura maiƙo. Aksul ɗin gaba na wannan ƙirar ya shahara da yoyon giris gauraye da man giya in sil ɗin ciki, wato robar da ke tare mai, ya mutu, na baya ma yakan zubo mai a kan faifai. Fad ɗin da ya sha mai ya gama aiki. Wanke shi da fetur ko babbaka shi a wuta ɓata lokaci ne, da ya ɗau zafi man zai sake tsattsafowa. A toshe yoyon, a wanke faifai, sannan a sa sabon fad. Muna kyautata zaton abin da ya cinye maka fad sau biyu ke nan, ko shi ko fistin.

Game da fitila kuwa, motar da kanta za ta gaya maka ciwonta, ba sai da na'urar gwaji ba. A cikin bonet akwai ɗan akwatin roba da aka rubuta DIAGNOSIS a murfinsa. Kashe mota, ka haɗa ramin Tc da na E1 da guntuwar waya. A wasu motocin akwai ɗan ƙarfen da ya haɗa Wa da Wb, sai an zare shi. Murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, ka ƙirga ƙiftawar fitilar. Ƙiftawa uku, ɗan shiru, sannan ɗaya, 31 ke nan: sansar gaba ta dama. 32 gaba hagu, 33 baya dama, 34 baya hagu. 41 na nufin wutar batir ba daidai take ba, 11 da 13 na rile ne, wato ɗan makunnin da ke sakin wuta, 51 kuma shi ne injin lantarkin da ke juya famfo ya cije. Ka ga a duk jerin nan lamba ɗaya ce ta ambaci famfon da ake so ka saya. Bayan gyara, da wayar a haɗe, taka birki sau 8 ko fiye cikin daƙiƙa 3 don goge lambar, sannan ka cire wayar ka mayar da ɗan ƙarfen.

Tambaya: Tawa fitilar ba ta kamawa. Amma in na zo tsayawa a hankali, a kan busasshiyar kwalta, sai feda ta riƙa karkarwa a ƙafata da ƙara gurr, motar ta ɗan zarce. Tun bayan damina ta fara. Daga wata malamar asibiti a Gembu.

Amsa: Hajiya, wannan ABS ne ke shiga inda ba a gayyace shi ba, kuma kada a yi wasa da shi, domin wannan 'yar zarcewar ta isa a hau mai babur a mahaɗa. Sansar tsofaffin motocin nan maganaɗisu ce da waya a naɗe, tana fuskantar wani zobe mai haƙora da ke juyawa tare da taya. Ita ke samar da wutarta, kuma wutar tana raguwa yayin da gudu ke raguwa. In sansa ɗaya ta yi rauni, siginarta takan ɓace kafin ta sauran, wajen gudun kilomita 10 zuwa ƙasa. Kwamfuta sai ta ɗauka wannan tayar ta kulle, ta sassauta mata birki. A wurinta aikinta take yi, shi ya sa ba ta kunna fitila.

A zare sansar kowace ƙafa a hankali, don robar takan karye a rami. Za a tarar da bakin wata sansar ya yi gemu da garin ƙarfe da busasshiyar laka. A goge, a kankare tsatsar da ke mazauninta, domin tsatsa tana ɗaga ta ta nisanta da zoben, kuma rabin milimita ma ba ƙarami ba ne a nan. A haska rami da tocila ana juya taya, a duba haƙori karyayye ko zoben da ya tsage. Sai a kama taya sama da ƙasa a girgiza: boris mai wasa yana sa tazarar ta riƙa canjawa. Mai mitar auna wuta ya auna kowace sansa. Irin waɗannan sukan ba da tsakanin om 1,000 da 2,000, amma abin lura shi ne ta dama da ta hagu su yi kusa da juna. Ya mayar da mita kan wutar AC, a juya taya da hannu da gudu iri ɗaya. Ƙafar da ta ba da rabin abin da 'yar'uwarta ta bayar ita ce. Yana aunawa yana lanƙwasa wayar, musamman inda take bin sitiyari tana motsi, don waya takan tsinke a cikin rigarta.

Tambayi bakanikenki ko an taɓa canja kan shaf ɗin gaba. A Land Cruiser 80 zoben yana jikinsa ne, kuma akwai irin da ake sayarwa babu zobe, na motocin da ba su da ABS.

Tambaya: Na sa dogayen sifirin, motar ta ƙara tsawo kamar santimita 5. Tun daga nan take dungure hanci in na taka, fad ɗin gaba kuma ba ya jimawa. Daga wani mai karatu a Maiduguri.

Amsa: Leƙa ƙarƙashin motar ta baya, za ka ga wani bawul a jikin shasi da siririyar sanda ta taho daga gare shi zuwa aksul. Aikinsa auna kaya. In an yi lodi mota ta zauna, sandar ta tura shi ya ƙara wa baya birki. In babu kaya ya rage, don kada baya ya kulle ya juya motar. Da ka ɗaga ta, bawul ɗin yana ganin kullum fayau take, sai ya bar wa gaba duk wahalar. A ɗaga mazaunin sandar na kan aksul daidai da tsawon da aka ƙara, a kuma tabbata bawul ɗin bai cije ba. Mai sifirin da suka kwanta kuwa akasin haka yake gani, baya ke riga kullewa. Kada ka yarda a yanke shi a haɗa bututu kai tsaye. Yana da notin fitar da iska nasa, wanda ake yawan mantawa, feda ta yi ta laushi an rasa dalili. A fitar da iskar ƙafafu, daga mafi nisa da masta, wato babban famfon da feda ke turawa, a ƙarasa da bawul ɗin.

Tambaya: Land Cruiser 100 ce, 2002. Da safe wani ƙararrawa yakan yi ta kuka, fitilar birki da ta ABS su kama tare, bayan kamar minti ɗaya su mutu. Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

Amsa: Alhaji, taka ta sha bamban da na sama, kuma ta fi su gaggawa. Masu ABS a wannan ƙirar, wadda aka yi daga 1998 zuwa 2007, ba su da baƙar tukunyar nan mai ƙara ƙarfin birki da ke bayan masta. Famfo mai injin lantarki ne ke matsa man birki cikin wata 'yar tukunyar ƙarfe mai iskar naitirojin, daga nan ƙarfin birkin yake fitowa. Kukan yana cewa matsin bai kai ba. Gwada haka: makulli a kashe, taka birki sau 40 har feda ta yi tauri. A wannan lokacin ne ake duba mai a kan layin MAX, ba lokacin da tukunyar ke cike ba. Murɗa makulli ka riƙe agogo. Famfo mai lafiya yakan yi daƙiƙa 30 zuwa 40 ya tsaya. In ya zarce sosai, ko yana tashi a duk taku ɗaya, ko muryarsa na shaƙewa, to ko iska ta shiga, ko tukunyar ta saki naitirojin ɗinta, ko gawayin da ke cikin injin famfon ya cinye. A fara duba batir da kan wayoyi biyun da ke ƙarƙashin injin famfon, man da ya zubo yakan cinye su. Ranar da kukan ya ƙi tsayawa, kada motar ta fita daga gida.

Man kuma DOT 3 ko DOT 4, daga gwangwanin da ba a buɗe ba, a canja duk shekara 2. Yana shan danshin iska: sabon DOT 3 sai zafi ya kai digiri 205 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa a 140 ma ya tafasa. Ruwan nan ne ke cin fistin da bawul-bawul na ABS ta ciki. DOT 5 ba na wannan mota ba ne.

Tambaya: A kan burji da gargada ABS yana sa motata ta yi nisa kafin ta tsaya. In cire fiyus ɗinsa? Kuma fitilar kan kama in na sa ƙaramar giya. Daga wani manomi a Gaya.

Amsa: Abin da ka lura gaskiya ne. A kan tsakuwa da yashi tayar da ta kulle takan tara ƙasa a gabanta ta tsaya da wuri, ABS kuwa ba ya barin ta kulle, amma yana bar maka sitiyari a hannu. Rage gudu, ka rage iskar taya kaɗan, ka duba shakazoba, don tayar da ke tsalle a gargada ita ke yawan tayar da shi. In 80 ce, kamawar fitila a ƙaramar giya ba lalacewa ba ce: sa ƙaramar giya kan kulle difaren tsakiya, kuma da zarar an kulle shi motar kan kashe ABS da kanta, ta mayar da shi in an buɗe. Ba ka faɗi ƙirar motarka ba, don haka kada ka taɓa fiyus. In 100 ce, fiyus ɗin da aka rubuta wa ABS su ne ke ba famfon ƙarfin birki wuta, kuma bayan 'yan taku kaɗan feda za ta koma kamar dutse.