Malaman Kirista na Farko da Amfani da Hankali Wajen Sanin Allah

Tambaya: Malam, na ji ana cewa malaman Kirista na ƙarnonin farko sun guji falsafa da manɗiƙi, wato ilimin kafa hujja da hankali, sun riƙe bangaskiya zalla. Shin haka abin yake?

Amsa: Masu wannan magana galibi da Tartuliyan suke kafa hujja, malamin birnin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, wanda ya tambaya ko mene ne haɗin Atina da Urushalima, wato haɗin falsafar Girkawa da bangaskiya. Sai dai shi kansa gwanin muhawara ne, kuma da hujjojin hankali ya riƙa kare aƙidarsa.

Yustin, wanda aka kashe a Roma wajen shekarar 165, ya karanci falsafa kafin ya zama Kirista. Ya lura cewa "Kalma" da Bisharar Yahaya ta buɗe da ita, wato Logos a harshen Girka, tana ɗauke da ma'anar magana da ta hankali, don haka ya koyar da cewa duk gaskiyar da irin su Sokratis suka gano, daga wannan Kalma ta fito. Kilemen na Iskandariyya ya ƙara da cewa falsafa ta yi wa Girkawa jagora kamar yadda Attaura ta yi wa Yahudawa.

A ganina, inda batun ya fi zurfi shi ne muhawarar da ta biyo bayan taron shugabannin coci da aka yi a birnin Nikiya a shekarar 325 kan matsayin Yesu. Wani malami mai suna Yunomiyus ya ce zatin Allah shi ne kasancewarsa "wanda ba a haifa ba", kuma tunda Ɗan, wato Yesu, haifaffe ne, to zatinsa ya bambanta da na Allah Uba. Har ya yi iƙirarin cewa wannan suna ya isa mutum ya san zatin Allah sarai. Basil na Kaisariya da ƙaninsa Girigori na Nisa ba su ce masa ya daina tunani ba, da manɗiƙin suka tunkare shi. Suka nuna cewa lafazin nan korewa kawai yake yi, yana faɗin abin da Allah bai kasance ba, amma bai bayyana ko mene ne shi ba. Basil ya ce ta ayyukansa muke saninsa, domin su ne suke saukowa gare mu, zatinsa kuwa ba mai iya kusantarsa.