Amsa kan ɗaukar kayan injin tsohuwar mota a sa wa tarakta

Alhaji, sannu da ƙoƙari, Allah ya mayar da alheri. Tambayarka ita ce: taraktarka Massey Ferguson (MF) 375 ta yi nokin, ka samu injin Perkins da aka cire daga tsohuwar motar kaya Dodge a Ƙofar Ruwa, kuma mai shi ya ce duk abu ɗaya ne. Shin za a iya ɗora shi gaba ɗaya, ko a ciri kayan cikinsa?

Kada ka ɗora shi gaba ɗaya. Ka saye shi a matsayin na yanka, in kuɗin ya yi daidai, amma sai bayan an auna.

Fara da lambar da ke jikin bulok. A lambobin Perkins, LD na nufin samfurin injin 4.236, LF kuma 4.248 ne. Daga waje kamarsu ɗaya, amma faɗin silindar 4.236 milimita 98.4 ne, na 4.248 kuwa kusan 101. Ka duba naka ma, don 375 ƙirar Ingila ce ke da 4.236, wadda aka haɗa a Pakistan 4.41 ne a cikinta. Akwai kuma 4.212 na MF 165, wanda shi ya fi yaudarar mutane: faɗin silindarsa daidai da na 4.236, amma tafiyar fistinsa milimita 114 ce, ba 127 ba. Fistinsa zai shige lafiya lau, sai dai ba zai tsaya inda ya kamata ba a sama.

Dalilin da ya sa na ce kada a ɗora shi shi ne, tarakta ba ta da shasi irin na mota. Bulok ɗin da kaskon man da ke ƙarƙashinsa su ne ƙashin bayanta, su ke riƙe da gatarin gaba a haɗe da giyabos. Shi ya sa kaskon tarakta zubin ƙarfe ne mai kauri, na mota kuwa falle ne da aka lanƙwasa. Wasu kanikawa suna walda biraket su ɗaure, injin ya tashi kowa ya yi murna. Ranar da aka ɗaga haro mai nauyi aka bi kunya-kunya, sai kunnen bulok ya tsage. Bayan haka, a cikin kaskon 4.236 na tarakta akwai balansa mai rage girgiza, kuma famfon baƙin mai a jikinta yake. Ba lallai ka same ta a na mota ba.

Sai famfon injekta, wanda nan ne ake yawan yin asara. Dukansu suna iya zama CAV DPA, kusoshi uku, ya zauna daram. Amma gwamnan cikinsa, wato abin da ke daidaita gudun injin, daban ne. Na tarakta an saita shi wajen juyi 2,200 a minti, ya riƙe gudu ɗaya ko garma ta nutse ko ta fito. Na mota yana kaiwa 2,800, na janareta kuma 1,500 kawai ya sani. In ka sa na mota, za ka ji tarakta tana shaƙewa da zarar faifai sun kama ƙasa mai tauri, ta kuma yi ihu in an ɗaga. Ka mayar da naka famfon, a kai shi wurin masu gyaran injekta a gwada a benci tare da nozul huɗun. Lambar da ke kan ɗan farantin famfon ita ce shaida, ba kamannin jikinsa ba.

Abin da za ka iya amfana da shi, in duka biyun 4.236 ne: kan silinda, bawul, rokoki, kwanrod, da sau da yawa karanshaf. Kan silinda a kai shi a gwada ko ya tsage, a ɗora rula a ga ko ya lanƙwashe. Karanshaf kuwa sai an ajiye biyun gefe da gefe. Ka dubi bayansa: akwai mai silin igiya, akwai mai silin roba, kuma ba sa musanya, in aka haɗa ba daidai ba baƙin mai zai riƙa zuba kan kuloci. Ka dubi hancinsa inda fuli ke zama. Sannan a sa maikuromita a kan kowane wuya, a san ko standad ne ko an taɓa yanka shi zuwa 010, 020 ko 030, a sayi metal daidai da shi. Kwanrod kuma kowanne da murfinsa, lambarsu ɗaya, kada yaran gareji su cakuɗa su a cikin kwano lokacin wanki.

Fistin, silib da ringi ba na ba da shawarar tsofaffi, a sayi sabon saiti ɗaya. Akwai silib mai baki a sama da marar baki, akwai mai rufin kurom da na zubin ƙarfe. Ringi mai kurom a cikin silib mai kurom ba zai taɓa zama ba, injin zai yi ta shan mai.

Kayan waje sun fi sauƙi. Matatar gas CAV 296 ita ce a tsofaffin Land Rover masu gas da yawancin Massey. Altaneta Lucas ma tana hawa in layin bel ya daidaita. Kik kuwa a ƙirga haƙoransa a gwada da fulawil, kuma fulawil ɗin ka bar naka, don shi aka yi wa kulocin tarakta.

In an gama haɗawa, a juya injin da hannu zagaye biyu kafin a taɓa kik, a saita bawul a milimita 0.30 injin yana sanyi. Ka ɗauko hoton lambar bulok ɗin biyu da farantin famfo ka turo nan kafin ka ba da kuɗi, sai mu duba maka.