Mai bizar karatu da maganar bindiga a Amurka

Ƙanena na Garwa, na ga saƙonka, wai ka samu gurbin karatu a Teksas kana so in zaɓa maka fistol da harsashi mai kyau saboda harbe-harben da kake gani a Facebook. Toh Allah ya sanya alheri, amma dan Allah maganar nan ka ajiye ta tun kana gida.

Dokar tarayyar Amurka ta hana mai bizar karatu ta F-1 riƙe bindiga, kai ko harsashi ƙwaya ɗaya aka samu a aljihunka laifi ne, ɗauri na iya kaiwa shekara 15, ga soke biza a sako ka jirgi. A shago sai ka cike fom 4473 na sayen bindiga, akwai tambayar irin bizarka a ciki, FBI su duba sunanka, in ka yi ƙarya wani laifin ne daban, kuma ba sa sai da fistol ga wanda bai kai 21 ba. Za ka ji samari na cewa ai in ka yanki lasisin farauta shikenan, eh akwai wannan ƙofar a doka, amma kowace jiha da nata sharaɗin, yawancin makarantu sun hana bindiga a ɗakin kwana, kai da Baba ya sai da shanu ya biya maka karatu me ya kai ka?

Masu girin kad (katin zama na dindindin a Amurka) da na sani fistol mai harsashin 9mm suke saye, irin su Glock 19 mai cin harsashi 15, su zuba harsashi mai ramin baki wanda yake buɗewa ya tsaya, don bangon gidajen nan allo ne ba bulo irin namu ba, harsashi na dunƙule sai ya huda ya samu yaron maƙwabci yana barci. Kuma suna zuwa horo, suna da akwatin ƙarfe mai makulli.

Duk da haka ka tuna kai baƙar fata ne. Philando Castile, wani baƙar fata a jihar Minnesota, 2016, yana da lasisin bindigarsa, da bakinsa ya gaya wa ɗan sanda yana ɗauke da ita, a cikin mota aka harbe shi. Wlh abin nan bai taɓa fita raina ba.

Ka nemi ɗaki kusa da makaranta, ka riƙe 911, lambar kiran gaggawa, da lambar 'yan sandan jami'a, da yawa suna raka ɗalibi in dare ya yi, barkonon fesawa kuma halal ne a Teksas. Turo min sunan unguwar kafin ka biya kuɗin haya, ka gaida su Inna.