Talabijin Huɗu, Hoto Ɗaya: Wace Na'ura Zan Saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gidan kallon ƙwallo a Agege. Na sayi talabijin huɗu masu inci 55, ina so in haɗe su a bango, biyu sama biyu ƙasa, su zama allo ɗaya. A kasuwar Alaba wani ya nuna mini ɗan akwati mai araha, wani kuma ya ce sai furosesa. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ina kyautata zaton ɗan akwatin nan sifilita ne, kuma ba zai biya maka buƙata ba. Aikinsa kwafi ne kawai, wasa ɗaya ya fito sau huɗu. Furosesa ce ke yanka hoto gida huɗu ta ba kowace talabijin rabonta.

Kafin ka ciro kuɗi, ka san abin da dikodarka ke fitarwa. Hoton HD ɗigo 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye. In an raba shi huɗu, kowace talabijin 960 da 540 za ta samu, don haka na bencin gaba za su ga ya ɗan dushe. Da hoton 4K, mai ɗigo ninki huɗu na HD, ne kowace ke samun HD cikakke, amma sai in dikodar kanta tana ba da 4K. Furosesa ba ta ƙirƙiro abin da ba a ba ta ba. Ja benci baya kaɗan ya fi maka sauƙi.

Abin da na fi so ka matsa a kai shi ne gefen talabijin. Inda suka haɗu akwai baƙin layi, kuma in na'urar ba ta iya lissafin kaurinsa, ƙwallo za ta riƙa karyewa tana tsallakawa, layin fili ya karkace. Masu kallo ba sa yafe wannan. Ka kuma tambaya ko tana juya hoto digiri 180, domin gefen ƙasa ya fi kauri a talabijin da yawa, shi ya sa ake kifa na sama.

Ranar Asabar fa, da wasannin Firimiya ke cin karo? Nemi furosesa mai mashigar HDMI (inda ake jona wayar dikoda) guda huɗu, wadda za ka danna rimot ta koma wasa huɗu daban, kowane da dikodarsa. Masu arahar da yawa mashiga ɗaya gare su.

Don Allah kada ka biya sai an gwada a gabanka. In na'urar ba ta jituwa da kariyar HDCP da ke kan dikoda, wadda ke hana kwafar hoto, baƙin allo za ka gani. In mai shago ya ƙi gwaji, ka wuce gaba, Alaba da faɗi, ga kuma Computer Village a Ikeja kusa da kai. Ka ware kuɗin UPS ma, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, saboda kada komai ya mutu lokacin da ake komawa janareta ana tsakiyar wasa.