'Yata Tana Rubuta Labarai, An Ce In Kawo Kuɗi A Buga Mata Littafi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da 'ya mai shekara 14, tana aji uku na ƙaramar sakandare. Tun tana firamare take rubuta labarai, yanzu ta cika littattafan rubutu guda huɗu, wasu da Hausa wasu da Turanci. Wani mutum ya ga guntun labarinta da yayarta ta sa a Facebook, ya nemi lambata ya kira ni. Ya ce kamfaninsu na buga littattafan yara ne, in kawo naira dubu 350 su buga mata, su yi mata rajista don kada a sace labarin, su kuma shirya taron ƙaddamarwa. Ya ce in hanzarta, gurbi ya kusa cika. Ni ba mai ƙarfi ba ce, adashina nake shirin ɗauka. Ina tsoron in ƙi in kashe mata gwiwa, ina kuma tsoron in bayar a cuce mu. Don Allah ina yara irinta suke kai rubutunsu? Daga wata uwa a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya ta, ya sa albarka a alƙalaminta. Kada ki taɓa kuɗin adashin nan. In ya sake kira, ki ce masa ya turo yarjejeniyar a rubuce, da sunayen littattafai uku da suka buga, da shagon da za a je a same su a kan kanta. Mafi yawan irinsu daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsu.

Kusan kullum sai na ci karo da wannan fahimtar a wurin iyaye, har da malaman makaranta, cewa wai yaro yana zama marubuci ne ranar da aka biya kuɗi aka buga masa littafi. A kan wannan fahimtar masu irin kiran nan suke cin abinci. Maɗaba'a daban, kamfanin wallafa daban. Mai maɗaba'a sana'arsa takarda da tawada, ka biya shi ya buga maka ko katin biki ne ko kalanda ko labari, bai karanta ba kuma ba aikinsa ba ne ya karanta. Kamfanin wallafa na gaskiya shi ne zai karanta rubutu, yawanci ma ya mayar da shi ya ce bai kai ba. In ya karɓa, shi zai ɗauki edita, shi zai biya mai zane, shi zai biya maɗaba'a, shi zai kai kasuwa, sannan ya riƙa ba marubuci kasonsa daga abin da aka sayar. Kuɗi daga kamfani suke fitowa su zo hannun marubuci. Wanda ya kira ki bai karanta littattafan nan huɗu ba, guntu ɗaya ya gani a waya, amma har ya yanke farashi. Ribarsa tana cikin aljihunki tun kafin a buga shafi ɗaya, to me zai sa ya wahalar da kansa wajen neman masu saye?

Na riƙe irin waɗannan littattafan a hannuna ba sau ɗaya ba. Bango mai sheƙi, hoton yarinya a baya da kayan makaranta, amma kana buɗewa za ka ga duk haruffa masu lanƙwasa sun zube, babu ƙ babu ɗ babu ɓ, sakin layi ya haɗe da maganar taurari, wani shafin ma an maimaita shi sau biyu. Kuskuren da yarinya ta yi a littafin makaranta haka aka kwafe shi aka ninka ɗaruruwa. A yi taro, a ɗauki hayar ɗaki da kujeru, manyan baƙi su yi alkawarin kuɗi a lasifika, rabinsu ba za a gani ba. Bayan wata biyu kwalayen suna ƙarƙashin gadon uwa, gara tana binsu. Asarar kuɗin ma da sauƙi. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yarinyar. An tara jama'a an kira ta shahararriyar marubuciya tana da shekara 14, daga ranar ba ta ƙara karɓar gyara, ko kuma ta ga babu wanda ya karanta sai ta yanke cewa ita ce ba ta iya ba, ta ajiye biro.

Batun rajistar da ya tsorata ki da shi kuwa, ba haka abin yake ba. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta a 2022, da zarar mutum ya ƙirƙiri labari ya rubuta shi, haƙƙinsa ya tabbata, ba sai ya biya kowa ba. Hukumar kare haƙƙin mallaka tana karɓar bayanin aiki ta adana ga wanda ya so, amma wannan zaɓi ne. Lambar nan ta ISBN mai alƙaluma 13 da suke kururutawa, Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da ita, kuma amfaninta gane littafi a kasuwa da ɗakunan karatu, ba ta hana ɓarawo sata. Littattafan rubutun nan huɗu da hannunta su ne babbar shaidarta. Ki sa ta rubuta kwanan wata a kan kowanne, ku ɗauki hoton shafukan ku adana. Inda haɗarin yake shi ne takardar da za a miƙo miki ki sa hannu a madadinta, tunda ita ba ta kai 18 ba. Ana cusa layi guda da ke cewa kin sallama wa kamfani duk haƙƙin labarin, ya zama kin biya kuɗi kuma kin yi kyautar kayan.

Ba ina cewa biyan maɗaba'a laifi ba ne. Marubutan Kano na shekarun 1980 da 1990 da kuɗinsu suka riƙa bugawa, kuma sun cika kasuwa da littattafai. Amma manya ne da suka san masu karatunsu, suka san dillalai, kuma littafin da haƙƙinsa duk a hannunsu suke. In wata rana kina son ki faranta mata, ki buga kwafi 20 a shagon kwamfuta a raba wa dangi da ƙawaye, kowa ya san kyauta ce ta gida.

Yanzu ga inda za ta kai rubutunta, kuma duk ba a biyan ko sisi. A ɓangaren Turanci ƙofofin sun fi yawa. Akwai gasar rubutu ta ƙasashe rainon Ingila, Queen's Commonwealth Essay Competition, wadda ake yi tun 1883. Ta 'yan shekara 18 zuwa ƙasa ce, yaran Najeriya suna da damar shiga, kuma duk da sunanta ana karɓar labari da waƙa a kan jigon shekarar. Idan tana taɓa rubutacciyar waƙa, ƙungiyar Poetry Society ta Ingila tana shirya gasar Foyle Young Poets ga 'yan shekara 11 zuwa 17 daga ko'ina a duniya, ana rufe karɓa 31 ga Yuli. A nan gida, wurin da na fi so iyaye su sani shi ne cibiyar Hill-Top Creative Arts Foundation da ke Minna, wadda B.M. Dzukogi ya kafa. Aikinta ke nan, renon marubuta 'yan sakandare: a haɗa yaro da wanda ya girme shi a rubutu, a gyara, a sake gyarawa, a shirya musu taro da gasa, sai wanda ya nuna ya isa a buga shi.

A ɓangaren Hausa ne nake jin takaici, domin gasannin da suka yi suna na manya ne. Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata, sai mai shekara 18 take shiga. Ki gaya mata tana da shekara huɗu na shiri, ta riƙa sauraron labaran da ake karantawa duk shekara tana lura da yadda ake ƙulla labari a taƙaice. Kafin nan, shafin African Storybook yana ɗauke da labaran yara a harsunan Afirka har da Hausa, kuma ana iya ƙirƙirar sabon labari a ɗora, haka ma StoryWeaver. Sai dai ku sani abin da aka sa a can kowa yana da izinin karantawa da kwafa kyauta, don haka ɗan gajeren labari za ta bayar, ba babban aikinta ba. Sannan ƙungiyar marubuta ta ƙasa, ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da rassa a jihohi, kuma suna zaman karatu inda marubuci zai karanta aikinsa a yi masa sharhi. Ki nemi reshen da ya fi kusa da ku, ki sa yayarta ko kawunta ya raka ta. Zama guda da za a ce mata "wannan shafin ya yi tsawo, wannan tauraruwar ba ta magana kamar mutum" ya fi mata taron ƙaddamarwa amfani nesa ba kusa ba. Abubakar Imam kansa ta gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933 ya fito yana da shekara 22, kuma sai da rubutunsa ya bi ta hannun edita a Zariya kafin a buga.

Makarantarta ma kada ki ƙyale su. Ina mamakin makarantun da ke karɓar kuɗin bikin yaye ɗalibai duk shekara amma ba su da mujallar ɗalibai ko ta shafi takwas, ba su da allon da za a liƙa labarin yaro. Ki tayar da maganar a taron iyaye da malamai. Malamin Hausa ɗaya mai kishi ya isa ya fara.

Game da waya, na san ƙawayenta za su ja ta zuwa Wattpad da zaurukan WhatsApp inda ake sakin labari kashi-kashi. Wattpad yana karɓar mai shekara 13, amma yawancin abin da ke yawo a zaurukan nan labaran manya ne, kuma a can ake kwafe labari a canza suna a sayar. In za ta sa wani abu, ya zama da saninki, ba lambar wayarta, ba hotonta, ba sunan makarantarta. Duk namijin da ya ce ta biyo shi ta saƙon sirri zai gyara mata labari, ya zo ta hannunki.

Ki ce ta zaɓi labari ɗaya tak cikin littattafan nan huɗu, wanda ta fi so, ta taƙaita shi zuwa kamar kalmomi 1,000, ta karanta muku da baki da daddare. Duk inda ƙannenta suka fara hamma ta sa alama ta gyara. Shi za ta kai wa malaminta na Hausa ko na Turanci a makon nan, kuma daga cikin kuɗin adashin ki cire kaɗan ki saya mata littattafan karantawa da sabon littafin rubutu.